Kujeru 53 cikin 169: yadda jam'iyya ɗaya ke riƙe da gwamnatin Norway ba tare da rinjaye ba

 Tun da muka kawo sakamakon zaɓen ƙasar Norway a cikin labaran duniya, akwai tambayar da ta ƙi barin mu. Mun ce jam'iyyar firaminista Jonas Gahr Støre ta samu kujeru 53 a majalisar dokoki mai kujeru 169, muka kuma ce ita kaɗai za ta ci gaba da riƙe gwamnati, ba tare da ta ba wata jam'iyya ko minista ɗaya ba. Duk wanda ya iya lissafi dole ya tsaya ya ce, to, yaya haka? Rinjaye a majalisar yana farawa ne daga 85. Mai 53 ko kashi ɗaya cikin uku bai cika ba. Sauran ƴan majalisa 116 fa, hannu suka naɗe? Wasu ma sun ɗauka tuntuɓen harshe muka yi wajen karatu. A'a, haka lissafin yake, kuma a can ba baƙon abu ba ne.

Norway tana can ƙurya arewacin Turai, ƙasar sanyi da duwatsu da teku, mutanenta wajen miliyan biyar da rabi. Tana da sarki, Harald na biyar, wanda ke kan gado tun 1991, amma mulki ba a hannunsa yake ba. Mulki yana hannun firaminista da ministocinsa, su kuma rayuwarsu tana hannun majalisa, wadda suke kira Storting, wato babban taro. Jam'iyyar Støre ita ce Arbeiderpartiet, jam'iyyar Ma'aikata. Ku yi mana uzuri kan waɗannan sunaye, mu ma masu karanta labarai sai mun yi ta maimaita su kafin mu shiga ɗakin watsa shiri.

Da farko ba ita kaɗai ba ce. Bayan zaɓen 2021 Støre ya kafa gwamnati tare da Senterpartiet, jam'iyyar Tsakiya, wadda asalinta jam'iyyar manoma ce, har sunan da take amsawa ke nan kafin 1959. Ma'aikata na da kujeru 48, Tsakiya na da 28, jimla 76. Kun ga ko a lokacin ba su kai 85 ba. Suka yi shekara uku da ƴan watanni tare, sai wutar lantarki ta raba su.

Wannan faɗa ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, don duk wanda ya taɓa riƙe takardar kuɗin wuta yana zufa zai gane shi. Kusan kashi 90 cikin 100 na lantarkin Norway daga ruwa ake samun shi, madatsun da ke cikin duwatsu, kuma mutanen ƙasar sun saba da wuta mai arha, da ita suke ɗumama gidaje a watannin ƙanƙara. A 2021 aka buɗe manyan wayoyi biyu ta ƙarƙashin teku, ɗaya zuwa Jamus ɗaya zuwa Birtaniya. Daga nan duk lokacin da wuta ta yi tsada a Turai, tsadar sai ta biyo waya ta iske mutanen kudancin Norway har gida. Talaka ya ce, ruwanmu, madatsunmu, amma farashin Jamus? Norway ba ta cikin Tarayyar Turai, sau biyu jama'a suna ƙin shiga a ƙuri'ar raba gardama, a 1972 da 1994. Sai dai tana cikin kasuwar bai ɗaya ta Turai bisa yarjejeniyar da ta fara aiki a 1994, kuma wannan yarjejeniya ta ɗora mata ɗaukar dokokin kasuwar da yawa. Da aka zo kan wasu dokoki uku na Tarayyar da suka shafi makamashi, jam'iyyar Ma'aikata ta ce a ɗauke su, ba yanzu ne lokacin ɓata da Turai ba. Jam'iyyar Tsakiya, wadda dama ba ta ga maciji da Tarayyar, ta ce ba da ita ba. Ranar 30 ga Janairun 2025 shugabanta, ministan kuɗi Trygve Slagsvold Vedum, ya ce sun fice. Ministoci takwas suka kwashe takardunsu.

A nan ne abin da muke son bayyanawa ya fara. Støre ya rage da kujeru 48 cikin 169. Bai yi murabus ba, ba a kira sabon zaɓe ba, ba wanda ya fita zanga-zanga yana cewa gwamnati ta haramta. Ranar 4 ga Fabrairu ya cike guraben takwas da ƴan jam'iyyarsa, aiki ya ci gaba.

Sirrin yana cikin ƙa'idoji biyu. Ta farko, a Norway sabuwar gwamnati ba ta buƙatar majalisa ta kaɗa mata ƙuri'ar amincewa kafin ta fara aiki. Abin da ake buƙata shi ne kada a samu rinjayen da zai tashi ya ce ba ya son ta. Tsakanin "muna goyon bayanka" da "ba za mu kayar da kai ba" akwai fili mai faɗi, kuma a cikin wannan fili gwamnatocin Norway da yawa suka yi zamaninsu. Jam'iyya na iya ƙin shiga gwamnati, ta soki firaminista safe da yamma, amma ranar da aka kawo ƙuri'ar yanke ƙauna ta ƙi ɗaga hannu, saboda ta san wanda zai gaje shi ya fi shi yi mata ɗaci.

Ta biyu ita ce ta fi ban mamaki. Ba wanda ke da ikon rusa majalisar Norway. Sarki ba shi da shi, firaminista ba shi da shi, ita kanta majalisar ba za ta iya sallamar kanta ba. An zaɓe ku shekara huɗu, to sai kun cika shekara huɗu, ko kuna shiri ko ba kwa shiri. Zaɓe a watan Satumba yake, ba ya matsowa. Saboda haka duk wanda ya kayar da gwamnati, ba wai ya buɗe ƙofar komawa ga masu zaɓe ba ne. Da waɗannan ƴan majalisa 169 ɗin dai za a sake kafa wata, kuma shi da ya tayar da ƙura shi za a kalla a ce, bismilla, ga kujera, nuna mana naka rinjayen. Mai shirin tunkuɗe tukunya sai ya fara tunanin abin da zai ɗora a murhu.

Dattawanmu da suka bi siyasar Nijar a shekarun 1990 za su gane bambancin da sauri. A watan Satumban 1994 jam'iyyar PNDS ta fice daga ƙawancen AFC, Mahamadou Issoufou ya ajiye muƙamin firaminista, gwamnatin da Souley Abdoulaye ya kafa ta rasa rinjaye, majalisa ta kayar da ita a watan Oktoba. Shugaba Mahamane Ousmane ya rusa majalisa, aka koma zaɓe a Janairun 1995, kuma kowa ya san zaman da ya biyo baya da inda ya ƙare a Janairun 1996. Tsarin mulkin lokacin ya bar ƙofar rusa majalisa a buɗe, aka bi ta. A Norway an toshe wannan ƙofa, sai ya zama dole a zauna a ɗaki ɗaya. Ba wai sun fi kowa haƙuri ba ne, tsarin ne bai ba su wurin gudu ba, kuma sun yi shekara fiye da ɗari suna sabawa da shi, tun 1884 da aka fara bin ƙa'idar cewa gwamnati ba ta zama in majalisa ta juya mata baya.

Kada kuma a ɗauka gwamnati ba ta faɗuwa a can. Tana faɗuwa. A watan Maris na 2000 firaminista Kjell Magne Bondevik, wanda ƙawancensa ke da kujeru 42 kacal cikin 165 na wancan lokacin, ya saɓa da majalisa kan gina tashoshin lantarki masu aiki da iskar gas. Shi yana ganin za su gurɓata iska, rinjayen majalisa na son a gina. Sai ya yi amfani da makamin ƙarshe da firaministan Norway ke da shi, ya ce in kuka kaɗa ƙuri'a saɓanin matsayina, ga makullanku. Suka kaɗa, ya tafi. Cikin kwana takwas jam'iyyar Ma'aikata ta kafa gwamnati ita kaɗai, ba tare da zaɓe ba, ƙarƙashin wani mai shekara 41 da ake kira Jens Stoltenberg. Wannan ita ce gwamnatin jam'iyya ɗaya ta ƙarshe kafin ta Støre. Shekara 25 tsakani, kuma duka biyun rigimar lantarki ce ta haife su.

Shi wannan Stoltenberg ɗin ne Støre ya ɗauko ya ba ma'aikatar kuɗi ranar 4 ga Fabrairun 2025, kuma shi ne labarin da ya cika gari. Mutumin da ya yi firaminista sau biyu, daga 2000 zuwa 2001 da kuma daga 2005 zuwa 2013, ya yi shekara goma yana shugabantar ƙungiyar tsaro ta NATO, wadda muka fi sani da OTAN, har zuwa Oktoban 2024, ya yarda ya dawo ya zama minista ƙarƙashin wanda a da shi ne ministan harkokin wajensa. A lokacin ba ɗan majalisa ba ne, kuma doka ba ta ce sai ya zama ba. Hasali ma ɗan majalisar da aka naɗa minista sai ya bar kujerarsa ga mataimakinsa muddin yana cikin gwamnati. Kafin dawowar Stoltenberg jam'iyyar Ma'aikata tana cikin wani hali, har a zaɓen ƙananan hukumomi na 2023 jam'iyyar Høyre ta masu ra'ayin riƙau ta sha gabanta, abin da rabon da a gani tun 1924. Bayan dawowarsa farin jininta ya yi sama cikin ƴan makonni. Gwamnati ta kuma yi wa masu kukan wuta alkawarin farashi tsayayye, øre 40 kan kowane kilowat kafin haraji da kuɗin waya, wajen dala huɗu da ƴan kai ke nan a kuɗinmu na sefa, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Oktoban 2025.

Majalisar ministocin da aka kafa a Fabrairun tana da mutum 20 har da firaminista, mata 10 maza 10. A can wannan ba ya ɗaga gira, tun 1986 da Gro Harlem Brundtland ta kafa gwamnati mai mata 8 cikin 18, ita ma gwamnatin jam'iyya ɗaya ce marar rinjaye. Espen Barth Eide ya ci gaba da riƙe harkokin waje, Tore O. Sandvik ya karɓi tsaro, Astri Aas-Hansen shari'a, Terje Aasland ya zauna kan makamashi, kujerar da ta fi kowace zafi a lokacin. Lubna Jaffery, ƴar asalin Pakistan da aka haifa a Norway, tana riƙe da al'adu. Noma ya koma hannun Nils Kristen Sandtrøen, taimakon ƙasashen waje kuma hannun Åsmund Aukrust, za mu dawo kansa. Galibi kowace Juma'a sukan hallara a fada gaban sarki a sa hannu kan abin da aka yanke, amma wannan cika al'ada ce. Aikin gaske yana cikin ɗakunan kwamitocin majalisa.

Ministan irin wannan gwamnati ba ya kwana da ido biyu rufe. Majalisa na iya kaɗa ƙuri'ar yanke ƙauna kan minista guda, ba sai gwamnati duka ba, kuma firaministan da ba shi da 85 ba zai iya kare shi da yawan hannuwa ba. A Maris na 2018, lokacin mulkin Erna Solberg, ministar shari'a Sylvi Listhaug ta yi murabus ana dab da kaɗa mata irin wannan ƙuri'a, kan wani rubutu da ta sa a Facebook. A zamanin Støre kansa ministoci da dama sun tafi kan abubuwan da a wasu wurare ko a jarida ba za su fito ba: wata kan naɗa abokanta a hukumomin gudanarwa, wani kan sayen hannun jari a kamfanin makamai yana minista, biyu kan kwafe rubutun wasu a kundin digirinsu na biyu. Anniken Huitfeldt ta rasa ma'aikatar harkokin waje a Oktoban 2023 bayan ya bayyana mijinta yana cinikin hannayen jari tana kan muƙami.

To, sai zaɓen 8 ga Satumban 2025. Jam'iyyar Ma'aikata ta samu kashi 28 cikin 100, kujeru 53. Jam'iyyar Tsakiya da ta fice ta faɗo daga 28 zuwa 9, faɗuwar da ba ta zo daidai da zama ba. Masu gurguzu na SV sun samu 9, jam'iyyar Rødt, wato Ja, 9, masu kare muhalli na MDG 8. In ka haɗa waɗannan biyar sun kai 88. Ɗaya ɓangaren na da 81, kuma a cikinsu wadda ta fi girma yanzu ita ce Fremskrittspartiet, jam'iyyar Ci-gaba ta ita Listhaug ɗin, mai kujeru 47, mai son a ƙara tsaurara shigar baƙi. Høyre ta sauka zuwa 24. Ƙananan jam'iyyun nan huɗu dukansu sun gwammace Støre a kan Listhaug ko Solberg. Wannan ne kawai abin da ya haɗa su, kuma ya isa ya riƙe shi a kujera.

Amma riƙe kujera daban, samun doka daban. Daga 53 zuwa 85 akwai 32, kuma ƙananan huɗun jimlarsu 35 ce. Ko ɗaya ta janye, lissafi ya rushe. Ga manoma masu son man dizal mai arha da ci gaba da haƙar man fetur, ga masu kare muhalli da ke son a fara rufe rijiyoyin. Ga masu son Turai, ga masu ƙinta. Jaridun ƙasar suka laƙaba wa abin "tutti frutti", mu da mun ce haɗin gambiza. An ga haka ƙarara wajen kasafin kuɗin 2026. A ƙarshen Nuwamban 2025 SV da MDG suka tashi daga teburin tattaunawa, ƙasar ta yi ƴan kwanaki ana maganar ko gwamnati za ta kai labari. A farkon Disamba aka dawo aka daidaita, kuma cikin abin da gwamnati ta bayar har da jingine ba da lasisin haƙar ma'adinai a ƙarƙashin teku har ƙarshen wa'adin wannan majalisa. Jam'iyya mai kujeru 8 ta sa mai 53 ta sauya hanya. Wasu na ganin wannan ne kyawun tsarin, kowa ana jin muryarsa. Wasu kuma na cewa ƙarami ya samu ƙarfin da masu zaɓe ba su ba shi ba, kuma ni dai ina ganin dukansu suna da gaskiya.

Abin da ke rage wa gwamnati wannan matsi shi ne ba ta ɗaure da kowa ba. Tun da ba ta sa hannu kan ƙawance da wata jam'iyya ba, tana iya cin kasuwa a rumfa fiye da ɗaya. Kasafin kuɗi takan nema a hagu. Batun Turai, tsaro da man fetur kuwa, ra'ayinta ya fi kusa da na Høyre, sai ta tsallaka dama. An ga misali a Nuwamban 2025 kan asusun man fetur na ƙasar. Wannan asusu, da aka fara zuba wa kuɗi a 1996, ya haura tiriliyan 20 na kuɗinsu kroner, yana da hannun jari a dubban kamfanonin duniya, kuma daga cikinsa ake cike kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kasafin ƙasa. Bayan an yi ta ce-ce-ku-ce kan jarinsa a kamfanonin Isra'ila saboda yaƙin Gaza, Stoltenberg, wanda asusun ke ƙarƙashin ma'aikatarsa, ya nemi a dakatar da fitar da kamfanoni bisa dalilan ɗa'a har a sake duba ƙa'idojin. Abokan hagu suka ƙi, ƙuri'un dama suka ba shi. Bayan ƴan makonni kuma ya koma wajen waɗanda ya ɓata wa rai yana neman kasafi.

Wani zai ce, mu da ke Dakoro ko Tanut ko Madawa, ina ruwanmu? Akwai ɗan ruwanmu. Norway na cikin ƙasashe ƙalilan da ke ware kusan kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa don taimakon ƙasashen waje, kuma wani ɓangare yana isowa Sahel ta hannun hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji, irin su NRC mai kula da ƴan gudun hijira, wadda ke aiki a Nijar. A Oslo, babban birnin ƙasar, aka yi taron tara kuɗi na Fabrairun 2017 don Najeriya da yankin tafkin Chadi, har da Diffa. Wadda ta riƙe ma'aikatar taimakon daga 2021, Anne Beathe Tvinnereim, ƴar jam'iyyar manoman nan ce, kuma ta ɗora aikinta kan yaƙi da yunwa da tallafa wa ƙananan manoman Afirka. Tana cikin takwas ɗin da suka fice kan rigimar lantarki, rigimar da ba ta da wata alaƙa da gero ko dawa. Haka kujerar ta koma ga Aukrust.

A majalisar yanzu SV, Rødt da MDG suna cikin masu tsayawa kan kada a taɓa kashi ɗayan nan, jam'iyyar Ci-gaba mai kujeru 47 kuma ta daɗe tana cewa a zaftare shi sosai. Daga cikin kuɗin ma, kaso mai tsoka ya karkata zuwa Ukraine tun 2022, kuma ofishin jakadancin Norway da ke Bamako, wanda ke kula har da Nijar, an rufe shi a ƙarshen 2023. Ƴan uwanmu da ke zaune a can su ma suna da abin sa ido, don dokokin zama da na haɗa iyali ta wannan majalisa suke bi, kuma a kansu gwamnati na iya samun rinjaye ta dama ba tare da ta tambayi hagu ba.

Zaɓe na gaba sai Satumban 2029, ba kafin nan ba. Kafin lokacin, kowane watan Oktoba ministan kuɗi zai hau mumbarin Storting da sabon kasafi da kujeru 53 a bayansa, ya fara neman sauran 32.